Gocewar ƙashin baya da jijiyoyin jiki: abin da ƴan kirofiraksi ke faɗi da abin da awo ya nuna

A Hausa kalma ɗaya ce, jijiya, take ɗauke da abubuwa uku da ba su haɗa aiki ba. Wadda ma'aikacin asibiti ke lalube a gwiwar hannu in zai ɗibi jini, jijiya ce. Farar igiyar nan mai tauri da mahauci ke fama da ita a ƙafar sa, irin su agara, ita ma jijiya muke ce mata. Sai ta ukun, zaren da ke fitowa daga laka yana kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki. Ta farko bututu ce da jini ke gudu a ciki, ta biyu igiya ce mai jan ƙashi, ta uku kuwa ta fi kama da wayar lantarki. Mai karatu ya riƙe wannan rabon da kyau, domin bayanin da ake yi game da gocewar ƙashin baya yana shiga kunnen Bahaushe da sauƙi ne saboda in aka ce masa an danne jijiya, bututun jini yake hangowa.

Maganar ta iso Maradi ne ta wayar salula. A Facebook da TikTok ana ganin mutum kwance rub da ciki, wani ya ɗora hannu a bayansa ya danna da sauri, a ji ƙas, mutumin ya tashi yana murmushi. A ƙarƙashin hoton sai a bayyana cewa ƙashi ne ya ɗan goce ya danne jijiya, kuma daga nan ne asma, hawan jini, gyambon ciki, rashin haihuwa da fitsarin kwance ke fitowa. Ɗan kabu-kabu da ya wuni a kan babur tsakanin Ali Ɗan Sofo da tashar Ɗan Isa, da ɗan dako mai sauke buhun aya ko wake mai kilo 100, da uwargida mai daka da goyo, dukansu sun san ciwon baya sani na haƙiƙa, don haka ba abin mamaki ba ne su saurara. Sun cancanci a warware musu zancen zare da abawa.

Sana'ar masu wannan dannar bayan, wadda ake kira kirofiraksi, ta fara ne a garin Davenport na jihar Ayowa a Amurka, a shekarar 1895, a hannun Daniel David Palmer, haifaffen Kanada wanda kafin nan yake warkarwa da abin da ake kira maganaɗisun jiki. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa aiki da hannu. Palmer ya ce ya danna wani ƙashi a saman bayan Harvey Lillard, mai sharar ginin da yake aiki, wanda ya shekara 17 ba ya ji sosai, sai kunnensa ya buɗe. A littafinsa na 1910 ya rubuta cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka gocewar ƙasusuwan baya ce ke jawo su. A ganinsa akwai wata basira da aka halicci jiki da ita, tana gangarowa daga ƙwaƙwalwa ta cikin jijiyoyin laka, kuma in ƙashi ya kauce daga mazauninsa sai jijiya ta yi tsauri fiye da kima ko ta saki, kamar tsirkiyar gurmi da ba a ɗaure daidai ba. Ɗansa B. J. Palmer ne ya faɗaɗa makarantar, ya shigo da hoton ƙashi a 1910, daga baya ma ya tsaya a kan cewa ƙasusuwa biyu na saman wuya su ne tushen matsala. A 1927 R. W. Stephenson ya tsara ma'anar da aka daɗe ana koyarwa: ƙashi ya bar daidaito da maƙwabcinsa, tagar da jijiya ke bi ta tsuke, jijiyar ta matsu, saƙon ƙwaƙwalwa ya samu cikas. Wannan ƴar gocewa ita suke kira subuluksasiyon.

A nan akwai ruɗani na biyu. Maɗori da likitan ƙashi sun san gocewa: kafaɗa ta fita daga gurbinta, kowa ya gani, hoto ya nuna. In likita ya ce subuluksasiyon, yana nufin gaɓa ta fita rabi, kuma ana ganinta a hoton ƙashi na radiyo. Ta ƴan kirofiraksi daban ce. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar kan horon wannan sana'a a 2005, ta bayyana ta a matsayin tangarɗar aiki a gaɓa alhali fuskokin ƙasusuwan suna haɗe, ta kuma nuna cewa ma'anar ta saɓa da ta likitoci.

Wanda ke son ganin wurin da ake magana a kai da idonsa, ya jira farfesun wuyan rago na Sallar Layya. Ɗauki gaɓa biyu da ke manne da juna. Babban ramin tsakiya, inda farar laka mai laushi take, shi ne hanyar laka. Juya su gefe, za ka ga ƴar taga a daidai inda ƙashi na sama ya haɗu da na ƙasa. Ta nan jijiya ke fita, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta gaba akwai faifan guringuntsi da ya manne ƙasusuwan biyu, ta baya akwai ƙananan mahaɗai biyu masu santsi. Yanzu gwada zame ɗaya a kan ɗaya da yatsunka. Ko bayan naman ya sha wuta, sai ka sa wuƙa kafin su rabu. Na mutum ma haka tsarin yake: ƙasusuwa 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a tsatso, sannan 5 da suka narke suka zama ƙashi ɗaya a ƙugu, da ƴan ƙanana na wutsiya. Masu motsi 24 ne, faifai 23, jijiyoyin da ke fita ta tagogin kuma 31 a kowane gefe. Laka kanta ba ta kai ƙarshen baya ba, tana tsayawa a wajen ƙashin tsatso na ɗaya ko na biyu, daga nan sai saiwoyin jijiyoyi su ci gaba da gangarawa a tare kamar jelar doki, kuma sunan da likitoci ke kiransu ke nan. A tsatso jijiya ba ta cika tagarta ba, kusan kashi ɗaya cikin uku take ci, saura kitse ne da ƙananan hanyoyin jini.

Hasashe na farko, wanda har yau shi ne aka fi yaɗawa, shi ne na tiyo. In ka taka tiyon ban ruwa a fadamar Jirataua, zogalen da ke can ƙarshe zai yi yaushi. Ɗaga ƙafa, ruwa ya dawo. Misalin ya dace da jijiyar jini ƙwarai. Jijiyar laka kuwa ba ruwa take kaiwa ba. Dubban zaruruwa ne a cikinta, kowane yana aika ƙyaftawar lantarki, mafi sauri cikinsu na gudun mita 120 a sakan, kuma kowace ƙyaftawa ko dai ta tafi cikakkiya ko kada ta tafi sam. Ƙarfin saƙo yana cikin yawan ƙyaftawa ne da yawan zaruruwan da suka tashi. Saboda haka babu wani ƙarfin rai da ke raguwa zuwa rabi a hanya har hanta ta samu kaɗan.

An kuma gwada ko ƙashi na iya matse jijiyar ta wannan hanya. A 1973 Edmund Crelin, malamin ilimin ƙirar jiki a Jami'ar Yale, ya ɗauki gadon baya shida na mamata, manya da jarirai, sa'o'i kaɗan bayan rasuwa. Ya danna su, ya murɗa, ya lanƙwasa da na'urar da ke auna ƙarfi, yana duban tagogin. Ƙashi bai taɓa jijiya ba sai da ƙarfin ya kai inda bayan ke shirin karyewa. Ƴan kirofiraksi sun soki aikin da cewa gawa ba ta kumburi kuma namanta ba ya ɗaurewa, kuma sukar tana da gaskiya a cikinta. Suna kuma kafa hujja da binciken Seth Sharpless na 1975, da na Rydevik da Olmarker a Suwidin a kan aladu, waɗanda suka nuna saiwar jijiya ta fi sauran jijiyoyi rauni: matsi na milimita 10 kacal a ma'aunin tansiyo, wato maki 1 a awon da ake ce wa mutum tansiyonsa 12 ne, yana iya taɓa gudun jininta da aikinta. Wannan sahihi ne. Sai dai a waɗancan gwaje-gwaje an buɗe dabba ne aka ɗora matsin kai tsaye a kan saiwar. Sun tabbatar da cewa saiwa ba ta jure matsi, ba su nuna cewa ƙashin da ya ɗan karkata yana yin wannan matsin ba.

Dannuwar jijiya ta gaske tana nan, kullum ana ganinta a asibiti, kuma ba ta ɓuya. Yawanci faifai ne ke tsagewa, abin cikinsa mai kama da kitse ya ɓullo ya taɓa saiwa, ko kuma tsufa ya sa ƙashi ya yi toho ya tsuke taga. A tsatso, fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan ɓullowa a faifai biyu na ƙasa take faruwa. Mai ita ba ya cewa hantarsa ta lalace. Cewa yake: “Likita, wani abu ne kamar wuta yake tsarga mini daga ɗuwawu har tafin ƙafa, in na yi tari sai in ji kamar an soka mini allura.” A kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafar a miƙe, kafin ta kai rabin hanya zafin ya harba har ƙasan gwiwa. A ce ya ɗaga babban yatsan ƙafa sama, likita ya danna shi ƙasa da ɗan yatsa ɗaya: in ya faɗi ba gardama alhali na ɗaya ƙafar ya tsaya ƙyam, saiwar tsatso ta biyar ce. Irin wannan mutum silifa ke zame masa, kuma ba ya iya tafiya a kan dunduniya. In kuwa ɗage ya gagare shi, gefen ƙaramin yatsa ya mutu, aka buga agara da ƴar guduma ƙafa ba ta zabura ba, to saiwar da ke ƙasa da waccan ce. A wuya ma haka: ta shida tana sauka a babban yatsan hannu, ta bakwai a na tsakiya, ta takwas a ƙaramin. Kowace saiwa da gonarta, kuma abin da take kawowa zafi ne, da mutuwar fata, da raunin nama. Dubban masu wannan larura ba a ga asma ko ciwon suga ya bi su saboda ita ba. Yawancinsu ma suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, domin rabin wahalar kumburi ne da abin cikin faifan ke tayarwa, kuma jiki na shanye shi a hankali.

Taswirar da ake liƙawa a bango, wadda ke haɗa kowane ƙashi da wani kayan ciki, an gina ta ne a kan wani abu na gaskiya. Daga ƙashin ƙirji na farko zuwa na tsatso na biyu akwai zaruruwa da ke fita su tafi zuciya, huhu, hanji, ƙoda da jijiyoyin jini, masu aiki ba da umarninmu ba, su ne ke sa gaba ya faɗi zufa ta karyo in an tsorata. Amma kowane kayan ciki daga saiwoyi da dama yake karɓa, zuciya daga kusan biyar na sama, kuma zaruruwan suna cakuɗewa a wasu ƙulle-ƙulle a gefen gadon baya kafin su isa. Babbar jijiyar da ke kwantar da zuciya ta kuma tafiyar da ciki da yawancin hanji, wato ta goma cikin 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ta ƙasan ƙoƙon kai take fita, ba ta bin tagar ƙashin baya ko ɗaya. Ta ji, wato ta takwas, ba ta ma fita daga ƙoƙon kai, shi ya sa labarin Lillard bai da hanyar da za a bi a bayyana shi da dannar bayan ƙirji. Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Afirka ta Kudu a 1967, har yau kuma ana dasa zuciya da ƙoda da hanta bayan an yanke duk jijiyoyin laka da ke zuwa gare su, kuma suna aiki shekara da shekaru. Zuciyar da aka dasa sai dai ta ɗan fi sauri, bugu 90 zuwa 110 a minti. Wanda ya karye a wuya ko saman baya laka ta yanke, lallai fitsari da bayan gida da tansiyonsa suna rikicewa, wannan ba a musu. Sai da laka ta lalace haka ta faru, kuma alamominta a fili suke.

Akwai wata alaƙa tsakanin baya da ciki da ta fi kusa da mu. Gyambon ciki, manyan dalilansa biyu ne: ƙwayar cuta mai suna Helikobakta, wadda gano ta ya sa Marshall da Warren suka samu kyautar Nobel a 2005, da magungunan kashe zafi irin su dikulofenak da ibufurofen. Mai ciwon baya da ke sayen waɗannan a hannun masu talla yana sha safe da yamma, wani lokaci ba ko fura a cikinsa, zai iya wayar gari da ciwon baya da gyambon ciki a tare. Ƙwayar maganin ce ta haɗa su.

Masu zurfin karatu cikin ƴan sana'ar sun daɗe da barin misalin tiyo, kuma hasashen da suka koma ya fi cancantar a tsaya a kansa. A 1947 Irvin Korr, masanin aikin jiki da ke bincike tare da ƴan ostiyofati (wata sana'ar gyaran jiki da hannu) a Amurka, ya kawo ra'ayin cewa gaɓar da ta ƙage tana aika saƙonnin damuwa ba ƙaƙƙautawa zuwa yankin lakar da ke kusa da ita, har yankin ya zama mai saurin hasala: abu kaɗan ya taɓa shi, nama ya ɗaure, fata ta yi zufa, wurin ya yi tsami. A wannan fahimta ƙashi bai danne komai ba, saƙon da ke shiga ne ya ɓaci. Akio Sato na Jafan ya shafe shekaru yana nuna cewa in aka tsikari fata ko gaɓa ko aka motsa ƙashin bayan ɓera da aka sa wa maganin barci, bugun zuciya da tansiyo da aikin jijiyar ƙoda suna canzawa. Joel Pickar ya auna a jikin kyanwa yadda ƙananan ma'aunan da ke cikin naman baya ke ɓarin saƙo a lokacin dannawa mai sauri. A 1998 Seaman da Winterstein suka tsara bayanin cewa gaɓar da ba ta motsi tana rage saƙon motsi ta ƙara na zafi, ƙwaƙwalwa ta riƙa samun gurɓataccen labarin inda jiki yake. Heidi Haavik da abokan aikinta a Niyu Zilan sun auna canji a lantarkin ƙwaƙwalwa bayan an danna wuya.

Duk waɗannan awo ne na gaske, kuma mu a ganinmu su ne mafi daraja a cikin abin da sana'ar ta tara. Iyakarsu ce ya kamata a sani. Canjin da Sato ya gani na sakanni ne ko mintoci, a dabbar da ke cikin maganin barci, kuma a lafiyayyen jiki ƙwaƙwalwa tana danne yawancin irin wannan martani. Canjin lantarkin ƙwaƙwalwa da aka auna a mutane shi ma na ɗan lokaci ne, a ƙananan rukunoni. Sa hannu a ruwan randa mai sanyi ma yana motsa tansiyo na ɗan lokaci. Tsakanin a ce jijiya ta amsa da a ce cuta ta samu ko ta warke akwai tafiya mai nisa, kuma hanyar da aka fi tabbatarwa ta juye ce: kayan ciki ne ke jefa zafi a baya. Tsakuwar ƙoda tana kama kwiɓi, matsarmama tana kai zafi ƙarƙashin allon kafaɗar dama, ciwon zuciya yana sauka a hannun hagu da muƙamuƙi, saboda zaruruwansu da na fata a yanki ɗaya na laka suke shiga. Haka kuma naman baya ko mahaɗin haƙarƙari da ya ƙage yana iya kawo zafin ƙirji mai kama da na zuciya. In aka saki wannan wurin zafin ya tafi, mai shi zai rantse an warkar masa da zuciya, alhali zuciyarsa lafiya lau take tun farko.

Ita kanta gocewar, gano ta ya zama aiki. An sha sa ƙwararru biyu su lalubi bayan mutum ɗaya kowa ya faɗi ƙashin da ya ƙage, amsoshinsu ba su cika haɗuwa ba; abin da suka fi dacewa a kai shi ne wurin da ke zafi in an taɓa. Hoto ma yana yaudara, domin ba wanda bayansa yake a miƙe kamar sanda, kuma ɗan juya kai ko karkata ƙugu lokacin ɗauka yana canza layukan da ake ja. A 1994 an yi wa mutum 98 da ba su da ciwon baya hoton IRM, mai nuna har faifai da laka, a Amurka, aka samu kashi 52 cikin 100 suna da faifan da ya ɗan turo, kashi 36 kawai ne duk faifansu ke daidai. A 1998 Tullberg da abokansa a Suwidin suka auna mahaɗin ƙugu da wata dabarar hoto mai gane motsin da bai kai milimita ba, kafin dannawa da bayanta, suka tarar ƙashin yana inda yake. Ƙarar ƙas ɗin da ake ɗauka shaidar komawar ƙashi, iska ce: in aka buɗe mahaɗi da sauri, matsin ruwan cikinsa ya faɗi, kumfar iska ta samu, kamar dai yadda yatsu ke yi in an ja su. An ɗauki hoton faruwar haka a Kanada a 2015, kuma dalilin ke nan sai an jira kamar minti 20 kafin gaɓa ɗaya ta sake ƙara. A 2010 hukumar da ke kula da ƴan kirofiraksi a Birtaniya ta sanar da membobinta cewa babu binciken asibiti da ya ba su damar cewa wannan gocewa tana haddasa cuta.

Gwaji a kan marasa lafiya ya bi sahu ɗaya. A 1998 a Kanada an raba yara 91 masu asma gida biyu, wasu aka yi musu dannar gaske wasu ta kwaikwayo har wata huɗu, numfashinsu bai bambanta ba. Wani ƙaramin gwaji na mutum 50 a Shikago a 2007 ya ba da rahoton saukar tansiyo bayan gyaran ƙashin wuya na farko, aka yi ta yaɗa shi. Da cibiyar binciken makarantar Palmer kanta ta gwada wata dabara mai kama da ita a 2016, ba ta ga saukar ba. A 2019 masu bincike 50, da yawansu ƴan sana'ar ne, suka taru a Toronto suka tace gwaje-gwajen da aka yi kan ciwon cikin jarirai, asmar yara, hawan jini, ciwon mara na al'ada da ciwon ɓarin kai, ba su samu shaidar amfani ba.

Inda dannar ke da abin nunawa shi ne ciwon baya na nama da gaɓa. Tarin gwaje-gwaje 47 da aka haɗa a 2019, masu mutum fiye da 9,000, ya nuna amfaninta ga daɗaɗɗen ciwon tsatso ya yi daidai da na sauran hanyoyin da ake ba da shawara, kamar motsa jiki a hannun kine, wato ma'aikacin asibiti mai motsa gaɓoɓi. Ga sabon ciwo, sauƙin da aka auna kusan maki 10 ne cikin 100. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da za a iya gwadawa tare da wasu ga daɗaɗɗen ciwon tsatso. Yadda take aiki ya fi kusa da bayanin Melzack da Wall na 1965: turawa ce mai nauyin kilo 10 a wuya zuwa 40 ko fiye a bayan ƙirji, cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biyar na sakan, tana tayar da saƙon taɓi da motsi da yawa a lokaci guda, su rage wa saƙon zafi hanya a laka, nama ya saki, tsoron motsi ya ragu. Wanda ya buge gwiwa ya kama murzawa, abin da yake yi ke nan. Sauƙin da aka samu dama ce ta tashi a yi tafiya a ƙarfafa naman baya da na ciki, kwanciya fiye da kwana ɗaya ko biyu kuwa ƙara ƙagewa take yi. Zama 4 zuwa 6 cikin mako 2 zuwa 4 sun isa a gane. In ba canji, a dakata a sake bincike. Kusan rabin waɗanda aka danna suna jin tsami na kwana ɗaya ko biyu. Mai cewa a riƙa zuwa kowane wata har abada don kada cuta ta shigo, ko a kawo jariri a gyara masa wuya, ko a ajiye maganin tansiyo ko na suga, ya wuce inda shaida ta tsaya.

Abin da ya fi damun mu a Maradi shi ne bayan da bai kamata a danna ba sam, ko a hannun ɗan kirofiraksi ne, ko maɗori, ko yaron da aka ce ya hau ya tattaka. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, galibi inda ƙirji ya haɗu da tsatso, kuma ba lallai mai shi ya yi tari ba: ciwo ne na watanni da ke hana barci, da zufar dare, da rama, daga baya wani ƙashi ya turo kamar ɗan doro. Wannan turowar ce ake kuskure a ce ƙashi ya goce a mayar da shi, alhali ƙashin ya rube ne ya rufta, kuma dannawa na iya tura shi cikin laka ƙafafu su shanye. Maganinsa ƙwayoyin tarin fuka ne na watanni da dama. Burusiloz, da ake ɗauka daga madarar da ba a dafa ba ko wajen karɓar haihuwar dabba, ita ma tana zama a tsatso da zazzaɓi mai zuwa yana komawa, abin lura ga makiyayan Dakoro da mahauta. Mai sikila ƙashin bayansa na iya mutuwa ko ya kamu da ƙwayar cuta. Dattijo mai wahalar fitsari da sabon ciwon baya, ko macen da ke da ƙullutu a nono, a fara tunanin daji ya kai ƙashi. Wadda ta daɗe tana shan deksa don ƙiba, ƙashinta ya zama kamar busasshen kara. Wuya ya sanƙare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman a bazara, sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Wuya yana da nasa haɗarin, kuma a nan jijiyar jini ce ake nufi. Guda biyu suna hawa ta cikin ƙananan ramuka a gefen ƙasusuwan wuya, daga na shida zuwa na farko, su yi lanƙwasa mai tsanani kafin su shiga kai su ciyar da bayan ƙwaƙwalwa. Kusan rabin juyawar wuya tsakanin ƙashi na farko da na biyu take, daidai wurin lanƙwasar. In bangon jijiyar ya tsage ta ciki, jini ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Abin ba ya yawan faruwa, kuma binciken Cassidy na 2008 a Ontariyo ya nuna wasu tun kafin su je wurin kowa jijiyar ta riga ta tsage, zafinta ne ya kai su. Ko ta wace hanya, sabon ciwon ƙeya ko wuya mai tsanani da mutum bai taɓa jin irinsa ba, tare da jiri, gani biyu-biyu, nauyin harshe, wahalar haɗiya ko tangaɗi, ba a murɗa wannan wuyan, kuma in bayan murɗawa suka bayyana, asibiti za a nufa a lokacin.

Na ƙarshe shi ne jelar dokin nan. In babban faifai ya fashe ya cika hanyar, mutum zai ji tsakanin cinyoyinsa da wurin zama sun mutu, ya yi tsarki bai ji ruwa ba, fitsari ya ƙi fita ko ya zubo bai sani ba, ƙafafu biyu su yi nauyi. Kunya tana sa mutane su ɓoye wannan, dattijo ya ce wa ɗansa baya ne kawai. Ɗan ya tambaya a fili: “Baba, kana jin fitowar fitsari?” In amsar a'a ce, tiyata ake so cikin kwana ɗaya zuwa biyu kafin jijiyoyin mafitsara su mutu. Daga Tibiri ne ko Madarunfa ko Gidan Rumji, a nemi mota a ranar, a kai shi babban asibitin Maradi, a faɗa wa na bakin ƙofar gaggawa maganar fitsarin tun kafin a yi zancen baya.